Daga Ina Ake Farawa

Idan ka bar Bici ka nufi Kunci, kafin ka yi nisa akwai wata 'yar hanya da ta ratse, ta kutsa tsakanin gonaki har ta sauke ka a Gidan Nababa. Ƙauye ne da ba a bar wa ciyawa ko taku ɗaya ba: inda gonar wani ta ƙare nan ta wani ta soma, gamba ce kawai take raba su. A nan aka haifi Tasi'u, ɗan Malam Mika'ilu mai makarantar zaure. Shi ne na tara a maza, don haka ba a sha wata wahala wajen nema masa suna ba. Yayyensa takwas duk sun gaji uban, wasu ma sun fi shi. Shi kuwa Tasi'u ya sauke Alƙur'ani, ya taɓa littattafai kaɗan, amma ba a kan karatu aka san shi ba. A kan wanki aka san shi. In ya wanke allo sai ka rantse yau aka sassaƙo shi, kuma tun yana ƙarami ba a taɓa jin ya kifar da kurtun tawada ba.

Kawunsa Abdulmumini, direba a wata jami'a da ke bakin birnin Kano, shi ya zo da labarin ana neman mai wanke kwalabe a ɗakin gwajin sinadarai. Malam Mika'ilu bai so ba da farko, don a ganinsa wankin kwalba ba aikin ɗan malamai ba ne, daga baya dai ya sa albarka. Ranar gwaji wani malami ɗan Indiya ya miƙo wa Tasi'u wata kwalba mai dogon wuya, siririya kamar ka hura ta fashe, cikinta duk baƙin ƙanzo, ya nuna masa famfo. Tasi'u ya yi bisimilla, ya wanke, ya ɗauraye sau uku, ya ɗaga ta ya duba a hasken taga. Ɗan Indiyan ya karɓa ya duba, ya sake dubawa, ya kaɗa kai irin nasu wanda ba ka sanin e ne ko a'a. Ashe e ne.

Yau shekara talatin da biyar ke nan ba 'yan watanni. Da keke ya fara, ya aje shi a bakin titi ya hau mota, daga baya Allah ya hore masa babur. An sha ba shi shawara ya tare a birni ya huta da zirga-zirga, ya ce gonarsa ba ta iya zuwa birni ba. Da damina kafin ya fita sai ya zaga ta, in ya dawo da yamma ya sake zagawa, Asabar da Lahadi kuwa a ciki yake wuni. Matarsa Asiya takan ce ita ce ta uku a gidan: kwalabe, gona, sannan ita.

A duk shekarun nan bai taɓa fasa kwalba ko ɗaya ba. Farfesoshi sun fasa sun waiga ko an gan su. Ɗalibai kuwa ba a magana, wani ma kallon kwalba kawai zai yi ta tsage. Shi ya sa suka laƙaba masa Baba Hannun Auduga. Duk shekara in sababbin ɗalibai sun zo, shugaban sashen, Farfesa Abdulkabir, yakan tsayar da su a bakin wurin wankin ya ce, "Ku dubi bawan Allahn nan da kyau. Tun da ya zo bai taɓa ɓata wa kowa aiki ba." Baba Tasi'u sai ya sunkuyar da kai kamar mai jin kunya. Amma gaskiyar magana yana son kalmar nan har cikin ransa, domin in ya koma gida sai ya maimaita wa Asiya ita, kamar ba ta ji ta bara da bara waccan ba. Yayyensa suna da almajirai da littattafai da masu zuwa neman fatawa. Shi kalmar nan ce tasa. Da aka gaya masa zai yi ritaya a watan Oktoba, kuma za a rubuta ta a takardar yabo mai gilashi, tun a watan Maris ya kafa ƙusa a bangon zaurensa.

Boko bai yi ba, sai ajin yaƙi da jahilci na 'yan watanni, inda ya koyi lambobi da sa hannu. In zai rubuta abin da yake so ya tuna, da ajami yake yi a bayan tsohuwar kalanda. Sauran al'amuransa duk na ɗan gidan malamai ne: takalmin dama yake fara sawa, in ya fasa goro na damansa yake fara miƙa wa, ko kunya zai ja a gona daga dama yake ɗaukowa. Ba ya ma sanin yana yi.

Shekara biyu kafin ritayarsa aka kawo sabuwar malama, Dakta Maimunat, 'yar Zakirai, wadda ta yi shekara shida tana karatu a wata ƙasa mai sanyi. Ta dawo da 'yan kwalabe na wani farin gari da take lallaɓawa a firji kamar jarirai, in wuta ta ɗauke ta yi ta zarya da ƙanƙara. Mutane da yawa sun yi aiki a ɗakin nan, sun aje masa ƙazanta sun fice. Ita ce ta farko da ta tsaya ta gaya masa mene ne yake wankewa.

Ran nan ya tambaye ta, "Dakta, wai wannan baƙin ruwan da kike ta dafawa, maganin me ne?"

Ta yi dariya ta ce, "Baba, kawo hannuwanka tukuna. Iri ɗaya ne?"

"Iri ɗaya mana. Yatsu biyar-biyar, alhamdu lillahi."

"To ɗora wannan a bayan wannan, su daidaita."

Ya ɗora. Babban yatsa ɗaya ya leƙa gabas, ɗaya ya leƙa yamma. Ya juya, ya sake juyawa, abu ya ƙi. Shekara sittin yana yawo da hannuwan nan bai taɓa lura ba.

Ta ce, "To ka gani. Komai nasu ɗaya, amma wannan ba zai taɓa zama wancan ba. Abin da nake haɗawa tsatsa ce, ba ta garma ba, ta wani ƙarfe da ake kira kobal. Ƙwayoyi ne ƙanana, sai ka jera dubbai kafin su kai kaurin silin gashi. In an bar su su kaɗai, dunƙulewa suke, ba hagu ba dama. Amma in na zuba farin garin can tun suna haɗuwa, sai ya kama su yana murɗawa, yadda mai tufka yake murɗa rama. Feftayid sunansa, ɗan guntun irin abin da ke gina nama da wake ne. Shi ma iri biyu ne, na hagu da na dama, kowanne hannunsa yake bi da su."

"To tunda ido ba ya gani, wa zai shaida wannan na hagu ne?"

"Haske. Akwai na'urar da take murɗa haske, ta turo mai juyawa hagu, ta turo mai juyawa dama. Ƙwayoyin sun fi shan ɗaya a kan ɗaya. Sai na'urar ta ja layi. Inda na yi karatu, na hagu layinsu hawa yake sannan ya gangara, na dama kuma ya gangara sannan ya hau."

"Ikon Allah. Duk wannan wahalar don a ja layi?"

"Baba, akwai magungunan da na hagunsu ke warkarwa, na damansu kuwa bai tsinana komai ba, wani ma cutarwa yake. In muka iya ƙwayoyin nan, wata rana da su za a riƙa tantancewa."

Tun daga ranar ya ɗauki aikinta kamar nasa. Kwalabenta sau biyar yake ɗaurayewa maimakon uku, ya kife su a kusurwa daban. Ita kuma in ta je Zakirai sai ta taho masa da ƙuli-ƙuli da gaisuwar mahaifiyarta. Yana da 'ya'ya mata huɗu, duk suna ɗakunansu, amma ba wadda ya taɓa yin hirar aiki da ita. Ya ƙaunaci yarinyar nan, ba wata ɓoye-ɓoye.

Matsalar ita ce na'urar mai murɗa haske babu ita a nan. Sai dai a haɗa ƙwayoyin, a jira wani mai tafiya, a aika can inda ta yi karatu a gwada. A watan Afrilu, ana tsakiyar zafin nan da ko ƙadangare yake neman inuwa, ta haɗa kwalabe takwas, huɗu na hagu, huɗu na dama. Da gangan ta ƙi sanyaya su, tana so ta ga abin da zafi zai yi musu. A ido duk ɗaya suke, ruwa ne baƙi-baƙi kamar shayin da ya kwana. Ranar da wani abokin aikinsu, Malam Ja'afar, zai tashi, ta goge bayan kwalaben da sifirit, sifirit ya tafi da rubutun da ta yi a kansu. Daidai lokacin kuma aka aiko ta je ta tsare jarrabawa.

Ta ɗauki hotonsu da waya a gurguje, ta ce, "Baba, rubutun ya goge, amma a jere suke, ban motsa su ba. Ga takardun liƙawa. Ka sa musu lamba daga farko zuwa ƙarshe, ɗaya zuwa takwas, ka ba Malam Ja'afar kafin azahar." Ta rubuta a littafinta cewa ɗaya zuwa huɗu na hagu ne, biyar zuwa takwas na dama, ta fice da sauri.

Baba Tasi'u ya wanke hannu, ya tsane, ya yi bisimilla. Ya fara daga farko ya kai ƙarshe, lambobi takwas tsaf kamar na ɗab'i. Ya naɗe kowace da auduga ya miƙa.

Sai a watan Agusta sakamako ya iso. Da safen nan yana tsaye a bakin famfo ya ji ta shigo tana kiran sunansa tun daga baranda, bakinta har kunne, mayafi na neman faɗuwa.

"Baba! Sun juya! Wallahi sun juya!"

"Su wa, Dakta?"

"Ƙwayoyinmu! Na hagu sun ba da layin dama, na dama sun ba da na hagu. Duka takwas, ba ɗaya da ya kuskure. Zafin Kano ne ya juya su!"

Ba haukan banza take ba. An san a wasu ƙwayoyin in aka sauya yanayin haɗi murɗin yakan juya, amma a irin nata ba ta taɓa ganin wanda ya rubuta haka ba. Tsohon malaminta na can inda ta yi karatu ya ce abin dubawa ne, ta sake gwadawa, amma ta aika taƙaitaccen bayani ga wani babban taron masana da za a yi a watan Nuwamba. Ta aika a ranar. Farfesa Abdulkabir kuwa kafin la'asar har masu gadi sun ji labari daga bakinsa, kai ka ce shi ya dafa ruwan. Baba Tasi'u ya yi murna har da ƙwalla, ya sayo goro ya raba.

Ranar Alhamis ta zaunar da shi don ta nuna masa. Ta buɗe hoton nan na Afrilu a wayarta, kwalabe takwas a jere a kan tebur, taga a gefe ɗaya, ƙofa a ɗaya gefen. Ta ɗora yatsa tana ƙirgawa. "Ka gan su nan. Ɗaya, biyu, uku, huɗu, na hagu ke nan. Biyar, shida…"

Bai ji sauran ba. Yatsanta daga wajen taga ya taso, daga hagu, yadda 'yan boko ke karatu. Shi kuwa ya tuna sarai inda ya tsaya a ranar, da inda hannunsa ya fara zuwa. Daga wajen ƙofa ya fara, daga dama. An ce masa farko, ya je farko. Kwalbar da take kira ta takwas ita ya rubuta wa ɗaya. Ba zafi ne ya juya komai ba. Shi ne.

Ya kawar da kai daga wayar. Ta ɗago ta ce, "Baba, lafiya?" Ya ce lafiya lau, ƙafarsa ce ta ɗan riƙe. Ya tashi ya koma bakin famfo, ya sake wanke kwalaben da ya riga ya wanke.

A kan babur, tun daga birni har Bici, lissafi ɗaya yake. Ba wanda ya gan shi. Hoton ba lamba a jikinsa. Kwalaben suna can wata duniya, wataƙila ma an zubar. Saura wata biyu ya karɓi takardarsa ya dawo gida, in ma abin zai tonu, sai yana zaune a zaurensa. Kuma wa ya ce laifinsa ne? Ita ta ce farko, ba ta ce hagu ba. Wannan hujjar ta yi masa daɗi har ya wuce kwanar ƙauyensu, sai da ya juyo. Juma'a ya je aiki ya dawo bai ce uffan ba.

Ranar Asabar ya wuni a gona. Damina ta yi kyau, dawa ta wuce kan mutum, wake ya kama karanta yana hawa. Tun da Dakta ta buɗe masa ido a kan hagu da dama ya lura wake hannu ɗaya yake naɗewa, amma yau ya bi kunya-kunya yana dubawa kamar mai neman allura, ko zai sami ɗaya da ya saɓa, ya ji sanyi a ransa. Bai samu ba. Haushi ya sa ya kama wani ɗan reshe, ya warware shi, ya naɗa shi a ɗaya hannun, ya tafi. Da ya dawo Lahadi da hantsi, kan reshen ya sake, ya karkato ya kama karan yadda ya saba. Baba Tasi'u ya daɗe a tsugune a wurin.

Da yamma Asiya ta aje masa tuwo, ya taɓa loma biyu ya ture. Ita ba mai zagaye-zagaye ba ce.

"Malam, miyar ce ba ta yi ba, ko wani ne ya mutu ba a gaya min ba? Kwana uku ke nan kana kallon bango."

Ya gaya mata duka, tun daga sifirit har yatsan Dakta. Ta saurara tana tsince wake a faifai. Ba ta gane murɗin haske ba, ba ta kuma yi kamar ta gane ba.

Ta ce, "Ni abu ɗaya zan tambaya. Yanzu 'yar mutane za ta hau jirgi, ta je ta tsaya gaban manyan duniya, ta faɗi abin da ba haka yake ba?"

"Haka ne."

"Su kuma in sun gwada suka ga ba haka ba, sunan wa za su kira? Naka?"

Ta ci gaba da tsintar wakenta.

"Ai ba su san ka ba, Malam. Ita suka sani."

Can ya ce, murya ƙasa-ƙasa, "Asiya, shekara talatin da biyar. Abin da nake da shi ke nan."

Sai ta aje faifan. Ta san shi tun yana da baƙin gemu, ta san abin da kalmar nan take a wurinsa, ta kuma ji tausayinsa ƙwarai. Amma ta ce, "Na sani. In don ƙusar ce, ka bar min ita, dama ina neman inda zan rataye mafici."

Ya yi 'yar dariyar da ba ta kai ciki ba. Ya jawo tuwon ya ci.

Litinin tun bakwai da rabi yana ɗakin. Da Dakta Maimunat ta shigo ta tarar ya jera kwalabe takwas marasa komai a kan teburin nan, tsakanin taga da ƙofa. Suka gaisa, ya tambayi mutanen gida, sannan ya ce, "Dakta, don Allah nuna min ta farko."

Ta taɓa ta wajen taga tana murmushi, ta zaci wasa ne.

Ya miƙa hannu ya taɓa ta wajen ƙofa. "Ni wannan ce farkona, ranki ya daɗe. Ranar nan daga nan na fara. Tun Alhamis na gane, na kasa faɗa. Ki yafe ni."

Ta dubi kwalbar, ta dubi tasa, ta sake duban tata. Yana kallo murmushin ya bar fuskarta a hankali. Ta jawo kujera ta zauna, ta buɗe littafinta, ta rufe. Da ta yi faɗa da ya fi masa sauƙi. Ba ta yi ba. Ta ce, "Ka tabbata, Baba?" Ya ce ya tabbata. Ta ce, "To." Ta ɗauki jakarta ta fita, bai sake ganinta ba ranar.

Mako guda gaisuwa ce kawai tsakaninsu, ita ma a taƙaice. Ta janye bayaninta daga taron. Ta rubuta wa tsohon malaminta. Kwalabenta da kanta ta riƙa wankewa, kuma wannan ya fi komai yi masa ciwo, don yana ganin yadda take barin kumfa a wuyansu ba shi da bakin magana. Daga baya ya ji wajen masinja cewa ta gaya wa Farfesa laifinta ne ita kaɗai, ta bar samfuri ba suna, ba ta ko ambaci Baba ba. Ke nan takardar yabonsa tana nan yadda take, ba abin da zai taɓa ta.

Ya kwana biyu da wannan, ya ga bai iya ɗauka ba. Ya sa hularsa ta Juma'a ya ƙwanƙwasa ofishin Farfesa Abdulkabir, ya zube ya faɗi yadda aka yi. Farfesa ya cire tabarau, ya mayar, ya ce ai wannan ba komai ba ne, kowa yana kuskure, a bar maganar a nan.

Baba Tasi'u ya ce, "A bar ta, ranka ya daɗe. Amma kalmar nan da kake faɗa, kada a rubuta ta. Zan rataye ta a zaure, mutane su karanta, ni kuma na san abin da na sani."

Haka kuwa aka yi. Takardar da aka buga ta ce ya yi aiki shekara talatin da biyar da amana, bai taɓa fasa kwalba ba. Gaskiya ce, amma ba ita yake so ba, kuma ya ji zafin rashin waccan. Da sababbin ɗalibai suka zo a watan Satumba, Farfesa ya tsayar da su a bakin famfo kamar kullum, ya buɗe baki, ya yi ɗan tari, ya ce, "Wannan shi ne Baba Tasi'u. Ku gaishe shi." Suka gaishe shi suka wuce. Ranar bai kai wa Asiya labarin komai ba.

Saura kwana tara ya aje aiki, da safe yana goge tebur, Dakta Maimunat ta shigo ɗauke da sababbin kwalabe takwas, baƙin ruwan nan a ciki. Ta sake haɗawa, wani malamin zai yi tafiya jibi. Ta jera su a kan teburin, tsakanin taga da ƙofa. Shi kuwa ya ja baya ya ba ta wuri, ya kama goge abin da ba ya bukatar gogewa.

Ta ce, "Baba."

"Na'am, Dakta."

"Na yi fushi, ba zan ɓoye maka ba. Da kai na fara, daga baya na ga da kaina ya kamata. Na yi kuka ma. Mahaifiyata na ba labarin. Ta ce ita ma da daga wajen ƙofa za ta fara."

Sai ta miƙo masa alƙalami da takardun liƙawa. "Ka sa musu lamba. Ɗaya zuwa takwas."

Bai karɓa ba. Ya dubi kwalaben, ya dubi hannunsa. "Dakta, ki sa da kanki. Ya fi."

"Rubutunka ya fi nawa kyau. Karɓi."

Ya karɓa da hannu biyu. Ya tsaya a gaban teburin, ya rasa inda zai nufa, shi da ya yi shekara talatin da biyar a ɗakin nan. Ya ce, "To daga ina zan fara?"

Ta buɗe littafinta ta juyo masa da shafin farko. Bai iya karanta bokon da ke sama ba, amma a ƙarƙashinsa akwai layi ɗaya da ajami, karkatacce, irin na wadda ta bar allo tun tana 'yar shekara goma. Ya matso da shi kusa da ido ya karanta a hankali: a ɗakin nan daga dama ake farawa.

Ta ce, "Haka na jera su yau, haka kuma zan riƙa jerawa ko bayan ka tafi. Ka fara daga farko, Baba."

Baba Tasi'u ya juya ya fuskanci famfo, ya daɗe yana wanke hannun da ba abin da ya taɓa. Ya tsane shi, ya goge idonsa da gefen hula, ya dawo. Ya yi bisimilla, ya ɗauki ta wajen ƙofa, ya rubuta ɗaya.